Yadda Ake Zaɓar Lokacin da Babu Cunkoso a Wuraren Wasa na Dubai da Abu Dhabi

Kuɗin tikitin shiga wurin wasa ɗaya ne, ko lilo 7 ka hau ko 16. Layi ne ke raba su. A ce wurin yana buɗe na awa 9, ka cire awa 2 na cin abinci da salla da hutawa, saura minti 420. Idan kowane lilo sai ka yi minti 45 a layi, ka ƙara minti 15 na hawa da takawa zuwa na gaba, lilo 7 kawai za ka samu kafin a tashi. Idan layin minti 10 ne, za ka hau 16. Saboda haka zaɓen rana ya fi neman ragin tikiti amfani nesa ba kusa ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya duba kalandarsa kawai: yaushe yara za su samu hutu, yaushe oga zai sake shi. Amma ba 'yan garinku ne ke cika wuraren wasa irin Ferrari World na Abu Dhabi ba. Dubai kaɗai ta karɓi baƙi sama da miliyan 18 daga ƙasashen waje a 2024, kuma Indiya da Saudiyya da Birtaniya da Rasha suna sahun gaba. Kowace da lokacin hutunta, ga kuma mazauna ƙasar, wato Daular Larabawa, da nasu. Aikin da ke gabanka shi ne ka jera waɗannan kalandodi, ka nemo makonnin da 'ya'yan kowa suke aji.

Mataki na 1: Raba wuraren gida biyu

Kafin ka taɓa kalanda, rubuta wuraren da kake son zuwa, ka ware na cikin rufi daban, na fili daban, domin lokacinsu ba ɗaya ba ne.

Na cikin rufi, masu na'urar sanyaya wuri, su ne Warner Bros. World da aka buɗe a 2018, da SeaWorld da aka buɗe a 2023, da Ferrari World da ya girme su tun 2010, duk a tsibirin Yas na Abu Dhabi, sai IMG Worlds of Adventure a Dubai. Ferrari World yana da ɗan bambanci: ana shiga layi a ciki, amma manyan lilonsa masu gudu a kan dogo, irin Formula Rossa mai kai kilomita 240 a awa, waje suke fita.

Na fili su ne Motiongate da Legoland da Real Madrid World, waɗanda ke wuri guda a Jebel Ali ta Dubai, da wuraren wasan ruwa irin Yas Waterworld da Aquaventure, da kuma Global Village, dandalin baje koli da wasanni na Dubai, wanda ma ba ya buɗewa sai daga Oktoba zuwa wajajen Afrilu ko Mayu.

Dalilin rabon shi ne yanayi. A Janairu zafin rana a Dubai bai cika wuce digiri 24 ko 25 ba. A Yuli da Agusta yana haura 40, ga gumin teku da ke sa riga ta jiƙe kafin ka tako daga mota zuwa ƙofa. Wanda ya saba da zafin Sakkwato ko Maiduguri kada ya ce zai iya. Namu busasshe ne, nasu mai ɗanshi ne, zufa ba ta bushewa balle jiki ya huce. Don haka lokacin zafi na fili suna zama wayam, na cikin rufi su cika, domin duk mai yaro a ƙasar can yake gudu. Da sanyi kuwa jama'a kan watsu ko'ina, amma yawansu ya ninka.

Mataki na 2: Soke ranakun hutun wasu

Samo kalandar shekarar da za ka yi tafiyar, ta takarda ta fi, da biro ja. Za ka soke ranaku kashi-kashi.

Fara da makarantun Daular Larabawa. Shekarar karatu tana farawa a ƙarshen Agusta. Akwai hutun sanyi daga wajajen tsakiyar Disamba, wani lokaci ma kafin haka, zuwa farkon Janairu. Akwai hutun ƙarshen Maris. Akwai dogon hutu daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Sannan akwai gajerun hutun rabin zango, musamman a Oktoba da Fabrairu. Ranakun suna motsawa kowace shekara, saboda haka kada ka dogara da na bara. Ma'aikatar ilimi ta ƙasar tana fitar da jadawalin, haka hukumar KHDA mai kula da makarantu masu zaman kansu a Dubai da takwararta ADEK ta Abu Dhabi. Wannan shi ne kashi mafi nauyi, domin mazauna ƙasar da yawa suna da tikitin shekara, ba sa jin komai su leƙo su yi awa uku su koma gida.

Sai ranakun hutun ƙasa. Ranar 2 ga Disamba ce ranar haɗuwar daular, kuma hutun yakan haɗe da kwanakin da ke kusa da ita. Soke daga 1 zuwa 3 ga wata, da ƙarshen makon da ya fi kusa. Tseren motoci na Formula 1 a Yas Marina yana faɗowa ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. A wannan makon matsalar ba layin lilo ba ce kawai: kuɗin otal-otal na tsibirin Yas yana tashi, hanyoyi suna cushewa.

Daga nan ka juya ga baƙi.

Birtaniya: makon ƙarshe na Oktoba da tsakiyar Fabrairu hutun rabin zango ne, ga mako biyu na Ista a Maris ko Afrilu. Suna gudun sanyin ƙasarsu ne, su suke cika wuraren wasan ruwa.

Rasha: daga 1 zuwa 8 ga Janairu hutu ne a ƙasar baki ɗaya. Shi ya sa wanda ya ce bari a wuce sabuwar shekara da kwana uku sai ya je, yakan tarar ba abin da ya ragu.

Indiya: bikin Diwali a Oktoba ko Nuwamba, da hutun zafi na makarantunsu a Mayu da Yuni.

Saudiyya da maƙwabta: ranar ƙasar Saudiyya 23 ga Satumba, ranar kafuwarta 22 ga Fabrairu, Kuwaiti kuma 25 da 26 ga Fabrairu. Tafiyar awa ɗaya zuwa uku ce a jirgi, wasu ma da mota suke shigowa, don haka ko hutun kwana uku ya ishe su.

Sabuwar shekarar Sin tana zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Tasirinta bai kai na sauran ba, amma ka sa mata alama.

Daga 20 ga Disamba zuwa 8 ga Janairu kuwa kada ma ka tsaya tunani. Hutun makarantun gida, Kirsimeti, sabuwar shekara, hutun Rasha da bikin sayayya na Dubai duk sun haɗu a wuri ɗaya, ga yanayi mai daɗi. Ƙofar Global Village a irin wannan dare kamar Kantin Kwari ce ana jajibirin salla, ba masaka tsinke.

Mataki na 3: Ɗora kalandar Musulunci a kai

Nan ne mai karatun Hausa ya fi Bature sauƙi, domin ya riga ya san lissafin. Watannin suna ja da baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2027 ana sa ran azumi zai kama wajajen 8 ga Fabrairu, ƙaramar salla wajajen 10 ga Maris, babbar salla a tsakiyar Mayu, gwargwadon ganin wata.

Soke sallolin biyu gaba ɗaya, ka ƙara kwana biyu ko uku a bayan kowace. A Daular Larabawa hutun babbar salla yana farawa daga ranar Arfa ya ɗauki kwana uku na salla, kuma idan ya jingina da ƙarshen mako sai ya zarce. Na Saudiyya yakan fi haka tsawo. Mutane da yawa daga nan suna sha'awar a kai yara Dubai yawon salla. Niyya ce mai kyau, amma ita ce rana mafi muni ga mai gudun layi.

Azumi kuwa akasin haka ne. Da rana wuraren wasa suna cikin mafi ƙarancin jama'a a shekara: an rage awannin aiki, masu azumi suna gida, baƙi daga ƙasashen Musulmi sun ragu. Bayan shan ruwa gari ke farkawa. Yanzu da azumi ke faɗowa cikin sanyi, an samu haɗin da ba kasafai ake samu ba, wato yanayi mai daɗi da wuri babu mutane. Sai dai a yi wa kai adalci. Lilon da ke juya mutum ƙasa da sama ba abokin mai azumi ba ne, jiri da tashin zuciya sun fi saurin kama wanda cikinsa ba komai. Wurin wasan ruwa kuma ba a rasa haɗiye ruwa. Idan yara ƙanana ne za su yi wasan, manya rakiya kawai, to Legoland ko SeaWorld a makonni biyun farko na azumi zaɓi ne mai kyau. Goman ƙarshe a bar shi, ko don ibada ko don masu hutun salla sun fara sauka. A duba lokacin buɗewa da rufewa, domin yakan sauya a watan.

Mataki na 4: Duba abin da ya rage

Idan ka yi sokewar daidai, makonni kaɗan ne za su tsira.

Daga wajajen 10 ga Janairu zuwa makon farko na Fabrairu. Wannan shi ne na ɗaya ga mai son wuraren fili. Yanayi garau, yara sun koma makaranta a kusan ko'ina, Global Village yana buɗe. Ruwan wanka kan yi ɗan sanyi ga ƙananan yara idan iska ta taso da yamma, sannan hazo yakan rufe hanyar Dubai zuwa Abu Dhabi da sassafe, sai a ƙara lokaci a kan awa ɗayan da aka saba.

Daga 5 zuwa wajajen 22 ga Nuwamba, bayan Turawan Birtaniya sun koma, kafin tseren motoci da hutun Disamba. Zafi wajajen digiri 30, wanda ga ɗan Arewa ba komai ba ne. A tabbatar Diwali bai faɗo ciki ba.

Makonni ukun farko na Satumba, kafin 23 ga wata. Ga wuraren cikin rufi babu kamarsa: an koma makaranta, baƙin sanyi ba su fara zuwa ba, otal na da sauƙi. Amma zafi yana nan kusa da 40, gumi kuma ya kai maƙura, don haka Yas da IMG kawai, ban da Motiongate da rana tsaka.

Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin hutun Indiya ya kankama, idan babbar salla ba ta kusa. Ya fi dacewa da wuraren wasan ruwa.

Matsalar iyaye ita ce duk waɗannan makonnin yaranmu ma suna makaranta. Hutunmu na Disamba da na Afrilu da dogon hutun Agusta duk sun yi karo da nasu. Mafita guda da ke akwai ita ce wutsiyar dogon hutu: makarantu da dama a Najeriya ba sa komawa sai mako na biyu na Satumba ko bayansa, a Nijar ma sai wajajen farkon Oktoba, alhali na Daular Larabawa sun koma tun ƙarshen Agusta. Wannan ratar ta kwana goma ko fiye ita ce damar mai yara 'yan makaranta. Idan kuwa dole sai Agusta, a ɗauki kwanakin ƙarshensa, a kuma san cewa garaɓasar da otal-otal na Yas kan yi lokacin zafi, ta yara su shiga kyauta, ita kanta tana jawo jama'a.

Mataki na 5: Zaɓi rana, zaɓi awa

Tun Janairun 2022 ƙarshen mako a Daular Larabawa ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. Sharja ta fita daban, hutunta kwana uku ne daga Juma'a zuwa Lahadi. Saudiyya tana nan a kan Juma'a da Asabar. Haɗa su ka ga abin da ya fito: cunkoso yana farawa bayan sallar Juma'a, Asabar ce ƙololuwa domin kowa na hutu, Lahadi ta ɗan sassauta da yamma. Tsofaffin bayanai a intanet da ke cewa Lahadi ranar aiki ce an rubuta su kafin sauyin, kada su ruɗe ka.

Litinin zuwa Laraba su ne naka. Alhamis da rana lafiya, amma da dare baƙin maƙwabta sun fara isowa. A Global Village an saba ware Talata don mata da iyalai, sai dai idan ta faɗo ranar hutu. Mai iyali ya nemi wannan ranar, maza zalla kuma su zaɓi wata.

Abu ɗaya ke ɓata safiyar ranar aiki, shi ne ziyarar makarantu. Za ka ga manyan motoci rawaya jere a wurin ajiye mota, yara cikin riguna iri ɗaya. Kada hankalinka ya tashi. Tare suke tafiya, lilo ɗaya suke rufarwa, kuma galibi kafin ƙarfe 2 sun tafi. Idan sun yi dama, ka yi hagu.

Da sanyin safiya ake kama fara. Yawancin wuraren suna buɗewa tsakanin ƙarfe 10 da 12, ban da Global Village da sai yamma. Ka isa minti 30 kafin buɗewa da tikitinka a waya. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 3, wato ƙarfe 10 a can ƙarfe 7 ne a jikin yaronka, saboda haka kada ka sa wurin wasa washegarin sauka. A bar kwana ɗaya barci ya daidaita. Da an buɗe, wuce kai tsaye zuwa lilon da ya fi suna ko da yana can ƙurya, ka dawo baya-baya, domin yawancin mutane na farkon da suka gani suke tsayawa. A ci abinci kafin 12 ko bayan 2 da rabi. Akwai ɗakunan salla a ciki, nemo su a taswira tun da safe. Awa ta ƙarshe kafin rufewa layi yakan sake faɗuwa, masu ƙananan yara sun gaji sun tafi.

Mataki na 6: Gwada zaɓinka kafin ka biya

Kada ka tsaya a kan lissafin takarda. Mako biyu ko uku kafin ka yanke, buɗe shafin wurin ka duba lokutan buɗewa na ranakun da ka zaɓa. Su ma suna hasashen jama'a: ranar da suka tsawaita lokaci zuwa dare, suna sa ran cika ne, ranar da suka gajarta, sun san ba kowa. Duba Google Maps, a ƙarƙashin sunan wurin akwai zanen da ke nuna awannin da aka fi cika a kowace rana ta mako. Idan wurin yana da manhajar da ke nuna tsawon layi, sauke ta tun kana gida, ka leƙa da ƙarfe 11 na safe agogon Kano, wato 2 na rana a can, ranar Talata da ranar Asabar, ka ga bambancin da idonka.

Farashin otal ma ma'auni ne, amma yana yaudara. Manyan baje kolin kasuwanci irin Gulfood da GITEX suna ɗaga kuɗin ɗaki a Dubai, alhali mahalartansu ba lilo ya kawo su ba. Idan otal ya yi tsada a makon da babu hutun kowa, wataƙila taro ne. Sauka a Abu Dhabi ko Sharja, ranakunka suna nan daram.

Abin da ke iya ɓaci a lokacin da babu mutane

Lokacin da jama'a suka ragu shi ne lokacin gyara. Injiniyoyi ba za su kwance babban lilo a makon salla ba, sai a Satumba ko ƙarshen Janairu ko cikin azumi. Idan lilo guda ne ya sa kuka yi tafiyar, duba jerin waɗanda aka rufe a shafin wurin, ko ka tura musu saƙo ka tambaya da sunansa. Ba sa rage kuɗin tikiti don an rufe lilo. Wasannin dandali da faretin 'yan kwaikwayo ma ana rage yawansu, wasu shagunan abinci a rufe. Lilon da ke fita waje kuma ana dakatar da shi idan iska mai ƙarfi ko ƙura ko ruwa ya taso. Ruwan sama kaɗan ne a ƙasar, amma idan ya zo yakan zo da ƙarfi, kamar na 16 ga Afrilun 2024 da ya tsayar da Dubai cak. Saboda haka a bar kwana ɗaya a jadawali ba a sa masa komai ba.

Auna tsayin yara a gida, a rubuta da santimita. Manyan lilo suna da iyaka, wasu 120, wasu 130, wasu 140, kuma ma'aikata ba sa ɗaga ƙafa. Legoland an yi shi ne don 'yan shekara 2 zuwa 12, matashi ɗan 16 zai gundura kafin azahar. Ferrari World kuma rabin abin da ke ciki ya fi ƙarfin ɗan shekara 5.

Tikitin tsallake layi, wanda ake kira Quick Pass a Ferrari World, Flash Pass a Warner Bros., Q-Fast a Motiongate, kada ka saye shi tun daga gida idan ranar aiki ka zaɓa a makonnin nan. Shiga tukuna, duba allon da ke bakin kowane lilo. In ka ga manyan sun wuce minti 30, sannan ka saya a ciki. A ranar salla ko ƙarshen Disamba kuwa akan sayar da shi ya ƙare, don haka a irin ranar gara a riga a tanada.

Jerin biyan kuɗi ma yana da tsari. Sharuɗɗan bizar Daular Larabawa ga 'yan Najeriya sun sha sauyawa tun 2022, kuma fitowarta ba ta da tabbataccen lokaci. Fara da biza, sai jirgi, sai otal mai yarda a soke ba tare da tara ba. Tikitin wurin wasa shi ne na ƙarshe, kuma a nemi wanda ba a ɗaure shi da rana guda ba. Na Yas mai haɗa wurare biyu ko uku yana ba da 'yan kwanaki a yi amfani da shi, wanda ke ba ka damar ɗage Talata zuwa Laraba idan ka tashi ka tarar da ƙura ta rufe gari.